Kanwa a Zoɓon Baba

Wata Asabar ce da kaka, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, ina tsugune a tsakar gidanmu na Kurudu zoɓo ya sauya launi a gabana. Inna ta jefa gutsuren kanwa a tukunya, jan nan mai kyau ya yi kumfa, ya dusashe, ya koma shuɗi-shuɗi kamar ruwan rini. Na dinga tsalle ina tafi, ni a dole na ga abin mamaki.

Zoɓon na Baba ne. Katako yake sayarwa a Dei-Dei, lokacin ko'ina a Abuja gini ake yi, ciniki ya buɗe har ba ya samun zama. Da asibiti suka ce yana da hawan jini, ya ɗan sha ƙwayoyin da suka ba shi ya watsar, wai suna sa shi yawan fitsari ga masu saye suna jira. Wani maƙwabcinsa a kasuwa ya ce masa zoɓo ba sukari yana sauke jini. Shi ke nan fa, Baba da taurin kai, ya samu abin da yake so.

Yakuwa kuwa muna da ita a bayan gida, tsakanin kunyoyin gyaɗa. Ni ke tsinkowa, ƙaiƙayi ya cika mini hannu, in ɓare, in baza a tabarma, in zauna ina 'yar carafke ina korar awaki. Matsalar ita ce Baba ba ya son tsami. Da ya kurɓa sai ya yamutsa fuska ya ture kofin. Inna ta rasa yadda za ta yi, sai ta yi abin da ta saba yi wa miyar yakuwa, ta sa kanwa. "Yauwa, yanzu kika yi magani," in ji shi. Safe da yamma bai ƙara bari ba.

Kafin damina ta zagayo ya faɗi a rumfarsa, ɓarin jikinsa ya shanye. Bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi ransa.

Sai da na shiga jami'a ina karatun haɗa magunguna na sake ganin shuɗin nan, a ɗakin gwaji. Malaminmu ya ce jan launin zoɓo shi ne sinadarin da ke taimakon jijiyoyin jini, tsami ke riƙe shi, abu irin kanwa kuma lalata shi yake yi. Ita kanwar ma cike take da gishirin da ake hana masu hawan jini, kuma ko zoɓon kirki ba ya maye gurbin ƙwaya. Na fita waje na yi kuka har na gaji, wallahi har yau abin yana cin raina.

Yanzu gidajen haya sun cinye gonar yakuwar, Inna ta tsufa. Duk sanda aka ambaci Baba takan ce, "Allah ya sani ban taɓa fashin dafa masa maganinsa ba." Ni da na karanta abin, sai dai in ce, "Haka ne, Inna."