Ruwan da Raƙumi Ba Ya Haɗiyewa

Shagona na gyaran takalmi bango ɗaya ne ya raba shi da na mai guga. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, kuma ni na laƙaba masa suna Raƙumi, don ban taɓa ganin ɗan Adam da ke gaba da ruwan sha irinsa ba.

Abin haushin, ruwa a bakinsa yake wuni. Yana da wani kofin silba a gefen tebur. In ya shimfiɗa riga sai ya kurɓa, ya cika kumatu, ya fesa mata fuuu, sannan ya ɗora dutsen guga. Riga ta sha, wando ya sha, zanin gado ya sha har ya ƙoshi. Maƙogwaron mai aikin kuwa ko ɗigo. Ga garwashi a gabansa, ga rufin kwano a kansa, gumi na bin bayansa kamar an kwara masa bokiti.

Dalilinsa ɗaya ne. Banɗakin layinmu yana can ƙarshe, bayan shagon mai walda. Wata rana, shekarun baya, ya zaga ya dawo ya tarar an ɗauke rigar wani malamin makaranta daga kan igiya. Kunyar da ya sha ba ta sake shi ba. Tun ranar ya yanke wa kansa hukunci: in bai sha ba, ba zai zaga ba, in bai zaga ba, ba a ɗaukar masa kaya.

"Raƙumi, haɗiye ɗaya mana, ko don albarkacin 'ya'yanka," in ji ni.

"Kai dai ji da takalman mutane."

"Leɓenka fa ya tsage kamar tsohon soso."

"Leɓenka ne?"

Ba irin tsiyar da ban yi masa ba. Da azahar sai ka ga ya dafe tebur, ya runtse ido, wai jiri ne na yunwa. Ciwon kai kuwa kullum, ya jefa ƙwaya biyu a baki ya taune su a bushe. Maiɗakinsa tana aiko masa da gorar ruwa kowace safiya. Da yamma gorar ta koma gida wayam, ita tana murna, ba ta san rigunan unguwa ne suka shanye ba.

Ranar wata Talata ina tsaka da ɗinkin wani silifa na ji ƙara ta bayan bango. Na leƙa na same shi durƙushe, ya riƙe kwiɓi, yana kiran sunan Allah. Dutsen na zaune a kan wando, hayaƙi na tashi. Na sauke dutsen, na tare mota, muka yi asibiti.

Aka yi masa ƙarin ruwa leda biyu. Likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, ya tambaye shi kalar fitsarinsa. Raƙumi ya sunkuyar da kai.

"Gaya masa mana," na ce. "Likita, mutumin da ke zagawa sau ɗaya a wuni, ai sai dai kalar shayi."

Likitan bai yi dariya ba. Ya ce wannan ƙarama ce, za ta fita, amma in ya ci gaba da busar da jikinsa a gaban wuta, wata za ta sake taruwa, ƙodar ma tana iya taɓuwa.

Maiɗakinsa, da ta iske mu a asibitin, ta juyo kaina. "Maƙwabci, kana gani ka yi shiru?"

Ni da na shekara goma ina haushi kamar kare! Raina ya ɓaci, na ce to na ji, daga yau duk sanda zai zaga, ni zan tsare masa shago. Sharaɗi ɗaya: kurɓa ɗaya ta riga, ɗaya tasa.

Bakina ne ya ja mini. Yanzu sai na saka allura a takalmi in ji an buga bango. "Maƙwabci, zan zaga!" In ajiye aiki in je in zauna cikin zafin garwashinsa ina gadin wandunan mutane. Ya dawo kuma ya ƙirga kayan a gabana, wai ko da tsautsayi.

Jiya har la'asar bugu ɗaya na ji. Na tashi na leƙa. Kumatunsa cike, ya ɗaga kai zai fesa.

"Wannan kurɓar ta waye?" na ce.

Ya harare ni, ya dubi rigar, ya haɗiye da ƙyar kamar mai shan magani.

Ban koma shagona ba. Na jawo benci na zauna, na san ba da jimawa ba zai buƙace ni.