Guntun Hanjin Baba

Ko zan manta komai a duniya, ban da ranar da aka yi ja-in-ja a kan guntun hanjin mahaifina a wani asibiti a Abuja.

Baba ya shekara yana ganin jini in ya zaga, yana ta shan maganin basir da wani abokinsa ke kawo masa daga Mararaba. Sai da ya rame, wando ya daina zama masa a ƙugu, sannan ya yarda muka kai shi asibiti. Aka ce ciwon daji ne na hanji, sai an yi tiyata. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne ni ma na fara ganin jinin, har ina satar kurɓar maganin nasa.

Ana gobe aikin, wata likita mai bincike ta zo da takarda, tana neman izinin ɗibar ɗan yanki daga abin da za a cire. Baba ya ce atafau. Mutumin da ko farce ya yanke sai ya tona rami a bayan gidanmu na Lugbe ya binne, shi za a ce ya bar tsokar jikinsa a firji? Ya ce a naɗe masa abinsa cif a ba shi.

Ni kuwa tun ina yaro sarkin tambaya ake ce mini. Na ce mata, me za ta gani a ciki da ido bai gani ba? Ta ja kujera ta zauna. Ta ce kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗauke da dogon rubutu da ake kira DNA, kuma akwai na'urar da ke karanta shi tun daga farko har ƙarshe. A ciwon daji ba harafi kaɗai ke canzawa ba. Wani lokaci shafi guda ke yagewa ya ɓace, wani ya juye, wani ya manne inda ba wurinsa ba. Na ce, to in kin gani fa? Ta ce sai su gwada da jinin Baba. In ɓarnar a cikin ƙarin da za a cire kawai take, shi ke nan. In har jininsa ma ya nuna, to da ita aka haife shi, kuma 'ya'yansa na iya gada.

Tambayata ta jawo mini abin da nake gudu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Baba," na ce, "ni ma wata uku ke nan ina ganin jini."

Ya kalle ni, ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar. Can ya juya ya tambayi likitar girman abin da take so.

"Small ne, Baba, kamar wake ɗaya."

"To ɗauki biyu," in ji shi, ya miƙa hannu a ba shi biro.

A makon aka duba hanjina da kyamara, aka tarar da ɗan tsiro, aka cire shi tun bai rikiɗe ba. Bayan watanni sakamako ya fito: akwai shafin da ya ɓace a jinin Baba. Aka gwada mu, ga shi a nawa, ga shi kuma a na ƙanwata da ba ta taɓa jin ko ciwon ciki ba. Tun daga nan ake duba mu a kai a kai.

Na koyi cewa ciwon da ake kunyar faɗar wurinsa shi ya fi cin mutum a ɓoye. Yanzu duk ɗan'uwan da na ji ya ce basir ke damunsa, sai na tsare shi da tambaya har ya ji haushina. Gara ya ji haushina yana raye.