Babban Mutum Ba Ya Ci Sai a Hannun Sista

A gida Auta ake ce mata. A asibiti kuwa Sista ce, kamar kowace mai farin kaya. In ka shiga ɗakin da ake kwantar da yara za ka gane ta ba sai an nuna maka ba: ita ce doguwar nan mai saurin hannu wadda ba ta wasa da ɗan kowa. Iyaye suna cewa ta iya aiki, sai dai ba ta da fara'a. Su ba su san ta da can ba, ni kuwa na sani.

Da ta gama makarantar koyon jinya, babu ƙofar asibitin da ba ta ƙwanƙwasa ba, kuma amsar ɗaya ce: suna neman mai gogewa. Ka ji mini mutane! To a ina za ta goge in ba a ba ta wuri ba, a jikin bango? Ta yi ta yawo har takalminta ya cinye, sannan wata ƙawarta ta kai ta wani ɗan ofis a saman kantin magani, inda ake tura ma'aikatan jinya gidajen yara masu doguwar rashin lafiya.

Yayarta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwarsu, tela ce, bakinta kuma ya fi almakashinta kaifi. Ko ɗago kai daga keken ba ta yi ba ta ce, "Au, duk karatun nan a raino zai ƙare? Ai da kin faɗa tun farko da na ba ki nawa."

Maganar ta soki Auta, ta kuma sha alwashin ba za ta daɗe a gidajen mutane ba. Ɗakin yara na babban asibiti take so, ko ta wane hali.

Mai ofishin tsohuwar nas ce da ta yi ritaya. Ma'aikatanta sun laƙa mata Madam Ja-da-baya, domin karatunta kullum ɗaya ne. Ta zaunar da Auta ta ce, "Yarinya, aikinmu a gidan mutane shi ne mu kai ranar da ba a bukatarmu. Ki yi uwa tana kallo. Uwa ta yi kina kallo. Daga nan ki ja da baya." Auta ta ce to, a ranta kuwa cewa take tsohuwa ta cika surutu.

Gidan da aka tura ta ɗaki ne da falo a hawa na sama, kuma falon ya daɗe da tashi daga falo. Sikelin awon yaro a ƙarƙashin tebur, kwalayen madara a bayan ƙofa, sirinjoji an wanke an jera a faranti a bakin taga, guntayen filasta a manne a gefen kabad. Maigidan direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. Shi ya sa wa yaron Babban Mutum, don tun yana kwalba a asibiti yake murtuke fuska kamar wanda aka ɓata wa rai a taro.

Bakwaini ne. Ya shiga shekara ta uku bai taɓa haɗiyar abinci ta baki ba. Wata siririyar roba aka zura masa ta hanci zuwa ciki, aka manne ta a kumatu, har fatar wurin ta saɓule. Uwar kam ta iya robar nan fiye da zato, domin nas ɗin da ta riga Auta ta koya mata tas: ta ɗura madara a sirinji, ta ɗaga, ta jira ta sauka. Cokali ne ba ta iya gani. Sau ɗaya ta taɓa gwadawa, abincin ya sarƙe shi, idanunsa suka juye, ta ɗauke shi a guje babu ko takalmi. Tun ranar in ta riƙe cokali kusa da shi hannunta rawa yake yi.

Likitan da ke duba shi ya ce lokaci ya yi da za a koya masa ci. In ya ci, sikeli kuma ya yarda, za a cire robar. Wannan likitan shi ne babba a ɗakin yaran da Auta ke mafarki, kuma ba ta manta da hakan ba ko na minti ɗaya.

Ta sha wuya, wannan ba mai ƙwace mata. Makonnin farko ko abinci babu a cokalin, wasa kawai suke yi da shi, ta buga a tebur, ya buga. Daga nan ta riƙa tsoma yatsa a madara tana shafa masa a leɓe, yana tofarwa, yana hararar ta. A hankali ta lura da abin da ba wanda ya lura: yaron ba abinci yake tsoro ba, fuskar da ta nufo shi yake tsoro. Duk wanda ya taɓa tunkarar sa ta gaba, da roba ya zo ko da allura. Sai ta ɗora shi a cinya, bayansa a ƙirjinta, haɓarta a tsakiyar kansa tana ɗan gunguni kamar waƙa, cokalin ya taso daga ƙasa da ɗigon ayaba da aka murje. Wata safiya ya yi shiru, ya tauna iska, maƙogwaronsa ya motsa. Ya haɗiye! Uwar tana tsaye a ƙofar kicin, ta toshe baki da gefen mayafi tana kuka.

Bayan 'yan kwanaki uwar ta matso a ɗarare ta ce, "Sista, in gwada?"

Auta ta miƙa mata yaron da cokalin. Hannun ya fara aikinsa na rawa, ayabar ta zube a rigarsa, ya kau da kai, ya yi ɗan tari. Tari fa kawai, irin na kowane yaro. Amma Auta ta yi wuf ta karɓe.

"Kawo, Anti, kar ki mayar mana da aiki baya."

Uwar ta miƙe, ta koma wajen wanke sirinjojinta. Ba ta sake tambaya ba, Auta kuma ba ta sake miƙa mata ba.

Ba zan ɓoye ba, abin ya yi wa Auta daɗi. Yaya ta kira ta mai raino, asibitoci sun kore ta, ga shi yau akwai abu ɗaya a duniya da ba mai iyawa sai ita. Da yaron ya ji takunta a matakala sai ya fara buga tebur. Ci uku take ba shi kafin ta tashi, har ranar hutunta zuwa take yi. In Madam ta tambaye ta, "Uwar tana ba shi kuwa?" sai ta ce, "Muna kan hanya." Wace hanya? Ta dai ga sikeli yana hawa, ta kuma san kowane cokali da uwar za ta zubar jinkiri ne a gare ta.

Ranar da aka cire robar, likitan ya dubi kumatun yaron da suka ciko, ya ce, "Wa ya yi wannan aikin?" Uwar ta nuna Auta da hannu, ba ta dube ta ba. Ba a yi wata guda ba aka kira Auta daga babban asibiti: an samu gurbi a ɗakin yara, ta fara ranar Litinin.

Sai a sannan ta tuna da karatun tsohuwa, ta nemi ta yi aikin watanni a cikin kwanaki. Ta zaunar da uwar a kujerarta, ta gyara mata zama, ta ce ga inda haɓa za ta kwanta, ga yadda cokali zai taso. Babban Mutum ya datse baki gam. Aka bar shi da yunwa har azahar ko zai sauko, ina! Ya gwammace ya tsotsi ruwa a kofi ya kwanta. Uwar da kanta ta roƙi Auta aron farar rigarta, ta saka, ta yi gungunin nan da muryar da ba tata ba. Yaron ya shinshina hannun rigar, ya waiga ya ga ko wace ce, ya ture cokalin. Allah sarki, babbar mace a cikin rigar yarinya, maɓallan ko rufuwa ba su yi ba, tana roƙon ɗan da ta haifa.

Auta ta je asibitin ta nemi a ɗaga mata ko da wata ɗaya. Aka ce masu jiran gurbin nan suna da yawa. Ta je wa Madam da maganar. Tsohuwar ta kalle ta ta saman tabarau, ta ce, "Ashe ƙarya kika yi ta yi mini. Je ki, zan tura wata. Amma ki sani ba yaye shi kika yi ba, robar kawai kika canja, kuma wannan tana da ƙafafu."

A gida Yaya ta ce, "Ɗanki ne? Na ce ɗanki ne? Na ci kwakwa a kan keken nan don ki tsaya gadin bakin ɗan wasu? Wallahi ki wuce aikinki."

Ta kuwa wuce. Ta yi wa uwar alkawarin za ta riƙa biyowa da yamma, ta kuma cika na 'yan kwanaki: ta hau matakala a gajiye, yaron ya ci kamar ba gobe, ta sauko. Daga nan aka sauya mata lokacin aiki, ita kuwa sabuwa ce a wurin, ba ta da bakin cewa a'a. Uwar ta riƙa kira a waya. Da farko Auta tana ɗauka tana cewa a gwada kaza, a gwada kaza. Daga baya in ta ga lambar sai ta kife wayar a aljihu, ta ce wa kanta ai an tura wata nas, ai yunwa za ta sa ya ci. Kiran ya ragu, ya zo ya daina, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin labari mai daɗi, don shi ta fi so.

Wata safiya tana cikin raba magani babbar sistar ɗakin ta ce mata, "Ke, gadon ƙarshe, an kwantar da yaro yanzu. Likita ya ce a sa masa roba. An ce kin saba da irinsu."

Tun daga nesa ta gane mayafin. Kumatun nan da ta gina cokali-cokali sun zube, wuyan ya koma kamar na ɗan tsako, idanu sun faɗa. Uwar tana zaune a bakin gado, ta rame ita ma.

"Anti," in ji Auta. "Sannu. Tun yaushe?"

"Sannu, Sista. Aiki ya yi kyau."

"Anti, a dakata da robar. Bari in samo ayaba, wallahi zai ci. Zan yi wa likita magana."

"Na san zai ci," in ji uwar, a hankali, ba faɗa. "Yau ki ba shi. Gobe ki ba shi. Ranar da aka sallame mu fa, za ki bi mu gida?"

Uwar ta ƙara da cewa:

"To sa masa. Ni na ce wa likita a mayar."

Auta ta je ta wanke hannu, ta daɗe tana wankewa, ta saka safar hannu. Ta ɗauko robar a farantin ƙarfe, ta yanka filasta ta manna a gefen tebur. Uwar ta ɗauke shi ta ɗora a cinya, bayansa a ƙirjinta, ta naɗe hannuwansa da zani ta riƙe gam, kuma hannunta ko motsi bai yi ba. Wannan aikin ba a yin sa ta baya, dole Auta ta zagayo ta tsaya a gabansa.

Ya ɗago idanu da ƙyar. Ya gane ta. Fuskar nan da kullum take a murtuke ta saki, ya yi ƙoƙarin zaro hannu daga zanin ya kasa, sai ya buɗe mata baki, ya wangale shi iyakar ƙarfinsa, yana jira.

Auta ta auna robar daga hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa ciki, kamar yadda aka koya mata a makaranta. Ta zura. Bai yi kuka nan take ba, bakin yana nan a buɗe, idanunsa a kanta, sai da robar ta wuce maƙogwaro sannan ya gane, ya tsala ihun da ya sa duk ɗakin ya yi tsit. Ta tabbatar ta shiga inda ya kamata, ta manne ta a kumatun, daidai tsohon tabon. Ta juya ta zuƙo madara a sirinji, hawaye na ɗiga a kan safarta.

Uwar ta miƙo hannu.

"Kawo, Sista," ta ce. "Wannan na iya."