Tsohuwar da Ke Jikin Bangon Dispanser

Ban gama karatun lakwal ba, amma hannuna ya iya zane. A Filingué ni ke zana wa masu aski kawuna a allo, in zana wa mahauci rago. A rumfar wani tela nake kwana, shi ma don ina tsare masa kekuna.

Ƙanwar mahaifiyata, wadda nake kira Inna, mijinta ya rasu a Tabla, danginsa suka karɓe gidan. Ba ta yi bara ba, sai ta koma bin makoki. Duk inda aka yi rasuwa, daga Bonkoukou har Damana, tana can da tabarmarta, ta yi daka, ta yi wanke-wanke, ta kwana cikin mata har a watse. Mutane su ce, "Kai, baiwar Allahn nan akwai zumunci." Ba ita kaɗai ba ce kuma, akwai irinta. Sun san juna, sukan gaya wa juna inda aka mutu.

Zamanin soja aka ba ni bangon dispanser, ƙaramin asibitin garin, wai in zana abin da ke damun mata. Sauro da ruwan rijiya suke nufi. Ni kuwa na zana tsohuwa da tabarma a hammata, tsaye a fili, ko bukka babu.

Fentin bai bushe ba jandarma ya zo. A ofis suka zaunar da ni ƙasa.

"Wace ce wagga?" in ji babbansu.

"Ba kowa ba ce, ranka shi daɗe."

"Ƙarya kake, mai zane. Ka yi mata giɓi a baki. Wa ke yi wa ba-kowa giɓi? Ƙasar ga babu macen da ba ta da gida. Kawo muna ita mu gani."

Na san abin da za su yi. Su ɗora Inna a mota tsakiyar kasuwa, su mai da ita Tabla kowa na kallo. Daga ranar ba gidan makokin da zai karɓe ta kamar 'yar'uwa, sai dai a miƙo mata sadaka daga bakin zaure. Na rantse, na ƙara rantsewa ban san ta ba.

Suka ce to in gyara. Jandarma tsaye a bayana, na zana ɗaki har da ƙofa, na toshe giɓin, tabarmar na mai da ita damin gero. Da soja suka sauka, masu furoje, 'yan ƙungiyar agaji, sun zo da farar mota sun ɗauki hoton bangon, wai ga manomiya mai wadata.

Inna kuwa tun makon gyaran ta gan shi. Ranar kasuwa ce, ta tsaya gaban bangon ta daɗe.

"Ɗana, kai ka yi wagga?"

"Ni ne, Inna."

"To, ita kam ta samu wuri."

Ba ta gane kanta ba. Sai ta rage murya ta tambaye ni ko gaskiya ne an yi rashi a unguwar mahauta. Na nuna mata gidan.