Akawal Ya Ci?

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da linzamin Akawal ya iso gidana a Salaga ba.

Mahaifina hafsan sojan doki ne, kuma Akawal shi ne baƙin dokin da ya yi yaƙi a kansa. Ranar da aka harbi Baba a daji, wannan dokin ne ya kawo shi sansani, shi ma da harsashi a wuya. Da Baba ya yi ritaya sai suka koma Bawku tare, suka tsufa tare. Sojan doki suna da ƙa'ida: mahayi ba ya cin abinci sai dokinsa ya ci. Baba bai taɓa karya ta ba. Muna yara har tsiya muke masa, mu ce Akawal ne ɗan fari.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, sai na je Bawku na ɗauko shi. Ni kuwa lokacin kaina na rawa, kasuwar doya ta buɗe, ba ni da lokacin tsohon doki. Na bar shi hannun wani maƙwabci, na ce wa Baba za a biyo mu da shi. Tun daga Bawku har Yendi yana waiwaye ta tagar mota.

Kullum da safe in na kawo koko sai ya ce, "Uwata, Akawal ya ci?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. In ce, "Ya ci, Baba." Sannan ya ɗauki ludayi. Alhali maƙwabcin ya yi ta bugo waya: "Hajiya, dokin nan ba ya ci fa. Na ba shi dusa, na ba shi harawa, ya juya kai." Na ce yunwa za ta koya masa hankali. Wallahi haka na ce.

Ranar wata Laraba wani direba ya yi sallama, ya miƙa wa Baba linzami, ya yi masa gaisuwar mutuwar Akawal, don a zatonsa Baba ya riga ya sani. Baba ya daɗe yana shafa linzamin. Sannan ya dube ni.

"Kwana nawa ya yi bai ci ba?"

"Tara, Baba."

"Kwana tara ina ƙoshi, yana jirana."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ƙara wata huɗu a duniya, yana cin abin da na ba shi, yana sa mini albarka, amma bai sake tambayata komai ba. Ko lokacin salla, maƙwabta yake tambaya.

Na ɗauka tausayinsa nake ji da nake ɓoye masa, ashe wahalar kaina nake gudu. Abin da na koya shi ne, in tsoho ya damƙa maka abin da yake ƙauna, kada ka auna shi da idonka. Linzamin yana nan rataye a ɗakina, kuma har yau in na ɗauki ludayi da safe sai na ji tambayar.