Bayan Salihu da Akwatunan Jama'a

Duk Bahaushen da ya zo Birmingham karatu ko aiki, da wuya in ba Salihu ne ya ɗauko shi daga filin jirgi ba. Akanta ne fa, ba direba ba, sai dai bakinsa bai iya "a'a" ba. Ko a Manchester ka sauka zai tuƙo mota ya zo, ya ƙwace akwatin hannunka wai kai baƙo ne. Akwatin mutanenmu kuwa an san shi: daddawa, kuka, man shanu, kai ka ce yunwa ake yi a Ingila. Matarsa Saudatu ta yi faɗa har ta gaji.

Sai ciwon baya ya sa shi gaba. Likita ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan gadon bayansa ya zame, yana danne laka. In ya ƙara ɗaga nauyi, zai iya rasa ƙafafunsa.

"Ka dai ji da kunnenka, Baban Latifa," in ji Saudatu. "No lifting aka ce!"

"Na ji."

Ina fa ya ji! Ba a rufa wata ba aka ce mahaifiyar wani ɗalibi za ta sauka Manchester, ɗan kuma yana da jarrabawa. Salihu ya sulale ba sallama. A bakin mota tsohuwa ta kama kokawa da akwatinta, shi kuwa ina zai iya kallon sa'ar uwarsa tana nishi? Ya sunkuya ya ɗaga, nan take ya zube. Turmi ne a cikin akwatin.

Aka yi masa aiki. Ƙafar hagu ta dawo, ta dama sai jan ta yake, tuƙi kuma an hana shi. Saudatu ta yi kuka, ta yi masifa, tausayi da takaici suka haɗe mata.

Ran nan yana kwance a falo wayarsa ta yi ƙara. Wasu baƙin ne kuma ake so ya taro.

"Ba komai wallahi," ya ce. "Wane terminal ne a filin jirgin?"

Ya lalubi sandarsa yana ta cije leɓe. "Jirgin ƙasa zan bi, ba zan ɗaga komai ba," ya ce wa Saudatu.

Saudatu ta dube shi. Ta san zai tafi, ta kuma san zai ɗaga. Ta fizgi mayafinta da makullin mota, hawaye na zubo mata.

"Koma ka kwanta, don girman Allah. Su waye, kuma ƙarfe nawa za su sauka?"