Bakin Rumbun Yaya

Yayana magini ne, maginin rumbu. Kafin ciwo ya same shi, daga ƙauyenmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi har Toranke ake zuwa ɗaukarsa aiki. Sai ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji, yana amsa musu. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, daga baya muka kai shi asibiti a Kano, aka ɗora shi kan ƙwayoyi. Sai da na yi furfura na ji sunan ciwon, wai sikizofiriniya. A lokacin cewa kawai muke yi Yaya ba shi da lafiya.

Ya dawo da sauƙi, muryoyin sun lafa. Amma wani abu ya rage wanda ke hana ni sukuni. In ka tambaye shi abin da zai iya, tabɗi! Zai gina wa gari duka rumbuna kafin kaka, shi kaɗai. In kuma ka ce, "To Yaya, gobe da me za mu fara?" sai ya zuba wa ƙasa ido, can ya ce, "Za a yi." Ni kuwa mutum ne mai gajen haƙuri, wannan "za a yi" ɗin tana ƙona mini rai.

Shekarar da ta biyo bayan fari, dawa ta yi kyau, tsohon rumbunmu kuma ya tsage. Babanmu ya rasu, gandu yana hannuna. Inna ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ka bar yayanka ya gina. Tun da ya dawo ba wanda ya kira shi aiki. In mutane suka ga rumbunsa a tsaye, za su dawo."

Na ce, "Inna, in ya lalace fa? A ka za mu ɗora dawar?"

Ta ce, "Kai dai ka bar shi."

Na bar shi, amma hankalina bai kwanta ba. Ina gona, zuciyata tana gida. In yi yankan dawa kaɗan, in yar da lauje, in dawo in leƙa. Wallahi hannunsa bai manta komai ba. Ya jera duwatsu, ya kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, ya bar ta ta ruɓa yadda ya kamata. Kullum ya ɗora zagaye, ya bari ya sha iska kafin ya ƙara wani. Maƙwabta suka fara tsayawa ta kan danga suna cewa, "Ashe gwani ya dawo." Har na fara jin kunyar shakkar da nake yi.

Rumbun ƙasa, in ya yi tsawo, daga ciki magini ke tsayawa, ana miƙa masa curin ƙasa ta sama. Yana hawa yana tsukewa kamar tulu, sai a bar baki daidai faɗin kafaɗar mutum, don ta nan dami zai shiga, ta nan mai ɗiba zai sauka. Da aiki ya zo ƙarshe na tambaye shi, "Yaya, ranar zuba dawa, wa zai shiga ciki, wa zai miƙa?" Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Ya ce, "Yau zan gama. Abin da wasu ke yi a mako, ni yini ya ishe ni."

Na tara masa ƙasa a kan katako kusa da bakin, na tafi gona. Wajen azahar na kasa daurewa, na dawo. Tun daga zaure na ji kukan Inna. Yaya ya yi ta ɗora zagaye kan zagaye, ɗanye a kan ɗanye, har bakin ya koma kamar na tukunyar miya. Shi kuma yana ciki, rana tana dukan rumbun.

Na hau tsani na leƙa. Gumi ya jiƙe shi sharkaf, amma murmushi yake yi. Ya ce, "Duba, ko tsaga ɗaya babu."

Na ce, "Haba Yaya! Ta ina za ka fito? Ta ina dawa za ta shiga?"

Ya ɗaga kai ya dubi ɗan ramin, ya daɗe. Ya ce, "Ina ta neman ranar zuba dawar nan da kake faɗa a cikin kaina, ban gan ta ba. Fari fat nake gani."

Na kai hannu zan ɓare ɗanyar ƙasar, ya kama wuyan hannuna ta ramin, ya ce, "Kada ka taɓa. Ni zan zauna." Mutane sun cika bakin danga, kowa na kallo, na kuma san abin da za su je su faɗa. Amma numfashinsa ya fara sama-sama. Na fizge hannuna, na yi ta yage ƙasar ina jefarwa, ina hawaye ina masifa, har kafaɗunsa suka samu hanya.

Ni na gyara bakin, a karkace, muka zuba dawarmu. Ba wanda ya sake zuwa ɗaukar Yaya aiki, har ya bar duniya.

Da yammar ranar da na yage bakin rumbun, bayan ya yi wanka ya sha kunu, ya zo ya zauna kusa da ni a gindin rumbun. Ya ce, "Ka faɗa mini gaskiya. Ni na yi kuskure, ko kai ne ka yi gaggawa?"

Na dubi hannuwansa, suna ɗan rawa saboda maganin, ƙasa na nan a ƙarƙashin farcensa. Na ce, "Ni ne, Yaya."

Ya gyaɗa kai ya ce, "Na sani. Na yafe maka."